Birkin da Yaya Lawal Ya Juya

Ina tsugune a rumfata da ke Ƙofar Guga, na kifa keken wani malamin makaranta ina daidaita masa robar birki, sai inuwar mutum ta tsaya a kaina. Alhaji Mamman ne, direban babbar mota mai jigila tsakanin Katsina da Maraɗi. Shi ke kawo mana saƙon wana, Yaya Lawal, wani lokaci kilishi, wani lokaci gaisuwa kawai. Ran nan bai zauna a benci ba kamar yadda ya saba. Rediyon mai shayin da ke kusa da ni tana ta maganar miƙa mulki, don a makon ne sojoji suka sauka aka ba farar hula. Alhaji Mamman ya roƙi mai shayi ya rage murya, sannan ya dube ni.

Ya ce, "Sani, sai haƙuri. Lawal ya riga mu gidan gaskiya. Zazzaɓi ne, bai daɗe a kwance ba. An yi masa sutura kafin in taso."

Na yi salati. Daga nan na ci gaba da ɗaure notin da ke hannuna har ya ɗauru, don ban san abin da zan yi da hannuwana ba.

Tun da na je ta'aziyya na dawo, abokai ba su bar ni na huta ba. Wani ya tambayi yadda Maraɗi take, wani ya tambayi ko gaskiya ne burodinsu ya kai tsawon hannu. Amma abin da suka fi tambaya shi ne keken da na zo da shi, da dalilin da ya sa mai gyaran keke zai ajiye keke a gidansa da birki ɗaya. Na gaji da ba da labarin gutsi-gutsi. Karatuna na boko bai wuce firamare ba, amma zan rubuta shi yadda ya faru, wanda ya tambaya in miƙa masa.

Yaya Lawal shi ne ɗan fari a gidanmu. Mu biyu Baba ya koya wa gyaran keke, kuma bayan rasuwar Baba mu muka riƙe rumfarsa. A zamanin soja aka zo faɗaɗa titi, aka rushe rumfunan bakin hanya, har da tamu. Ni na matsa baya na kafa wata. Yaya kuwa abin ya tsaya masa a rai, don da hannunsa ya taya Baba kafa ginshiƙan. Ya tattara sifanunsa ya ce ya tafi Maraɗi, ba zai dawo ba sai ran da soja suka koma bariki. Muka ɗauka fushi ne na ɗan lokaci. Shekaru suka shige. Ya yi aure a can, ya haihu, bai sake tako Katsina ba.

Innarmu irin matan da ne, ba ta faɗin sunan ɗan fari. Ban taɓa jin "Lawal" a bakinta ba. Idan ni take wa magana sai ta ce "wanka", idan wani ne sai ta ce "mutumin Maraɗi". Ɗakinsa da ke kusa da zaure ta hana kowa shiga, wai ajiya take yi a ciki, alhali ba komai a ciki sai tabarma da fitila. Idonta ya yi rauni, amma duk safiya sai ta lalubi tsintsiya ta share shi. Da aka fara maganar zaɓe, ita da ba ta damu da rediyo ba sai ga ta tana tambayata, "Wai da gaske za su sauka?"

Da na kai mata labarin ba ta yi kuka a gabana ba. Ta daɗe tana jan carbi. Da safen da zan tafi, na durƙusa ina sallama, sai ta riƙe bakin rigata.

Ta ce, "In ka je, ka gaishe da matar. Ka ga yarinyar." Sannan ta ce, "Kuma ka bincika mani. Wanka ya ji sun sauka. Shin yana da niyyar tahowa, ko ya manta da maganar?"

Wannan tambayar na ɗauka na tafi da ita, kuma ta fi jakata nauyi.

Alhaji Mamman ya sa ni a gaban mota, tsakanina da ƙofa akwai wani dattijo mai fataucin atamfa. Tun daga fitarmu gari har Jibiya dattijon nan bai rufe baki ba. Siyasa yake yi da Alhaji Mamman, wannan na yabon jam'iyyarsa, wancan na kushe ta. Can ya juyo gare ni ya ce, "Kai fa samari, ba ka murna? Yanzu ai duk wanda ya yi yaji zai koma gida." Alhaji Mamman ya miƙo hannu ta gabana ya taɓa shi a gwiwa, ya gaya masa inda za ni. Dattijon ya yi salati. Da muka tsaya a Jibiya ya sauka ya sayo rake, ya feraye da wuƙarsa, ya riƙa miƙo mini gaɓa-gaɓa ba tare da ya dube ni ba.

A bakin iyaka, namu ma'aikatan ba su tsare mu ba. Sai da muka isa Ɗan Isa na gamu da jandarma, wato irin 'yan sandansu masu kakin soja. Ɗaya ya miƙo hannu yana neman katin shaida. A can kowane baligi yana yawo da kati mai hotonsa a aljihu, kamar yadda mu muke yawo da goro. Ni ba ni da komai sai takardar haraji. Ya juya ta sama, ya juya ta ƙasa. Alhaji Mamman ya ce, "Ƙanin Lawali ne mai keke, wanda ya rasu." Jandarman ya ɗago ya dube ni da kyau. Ya ce, "Lawali na bakin kasuwa? Allah shi jiƙan shi. Ga hancin nan." Ya mayar mini da takardata. Wannan ne farkon jin da na yi ana kiran wana da wani suna da ba mu muka sa masa ba, kuma mutane sun san shi da shi.

Mun shiga Maraɗi da la'asar sakaliya. Ina tafe bayan Alhaji Mamman da jakata sai na ji an busa ƙaho daga wani ofis. Ban kula ba, na ci gaba da tafiya. Alhaji ya fizgo ni ta wuyan riga. Da na duba, duk titin ya tsaya cik: mai tura kura, mai tallan goro, har wani da ke kan keke ya sauke ƙafa. Ashe tuta ake saukewa, kuma ba mai motsi sai an gama. Alhaji ya raɗa mini, "Nan nasu sojan ba su sauka ba tukuna."

Rumfar Yaya tana bakin kasuwa, su biyu suke zama da wani Malam Isufu, baƙi dogo mai yawan dariya, ko da yake ran nan dariyar ba ta fita sosai. Shi ya sauke ni a zaurensa. Ya kawo shayi mai kauri a ɗan ƙaramin kofi, da burodin da ake tambayata. Gaskiya ne, dogo ne, bayansa da tauri kamar ɓawon rake, cikinsa kuma iska. Na gutsura ya yanke ni a dasashi. Malam Isufu ya ce in tsoma a shayi, haka wana yake yi har ya bar duniya, yana ci yana zagin burodin.

Ya ce, "Kullum ina tsokanar shi. In ce, Lawali, kai wane irin mai gudu ne? Ka gudo ma soja, ka zo garin da soja ya hi yawa. Shi ce mani, naku ba su rushe rumhwar ubana ba."

Hausarsu irin tamu ce ta Katsina, sai dai ta fi nauyi, kuma suna cusa kalmomin Faransanci inda mu muke cusa na Ingilishi. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne tsakar rana. Da azahar ta gabato sai ofisoshi da manyan kantuna su rufe, kowa ya tafi gida ya kwanta, sai rana ta yi sanyi a sake buɗewa. Na ce da Malam Isufu a Katsina wanda ya rufe rumfa da rana tsaka sai a je gaishe shi, a ɗauka ba shi da lafiya.

Washegari ya kai ni gidan. Matar Yaya, Mariyama, tana cikin takaba, don haka daga bayan asabari muka gaisa. Ta miƙo yarinyar ta ƙarƙashi. Sunan Inna aka sa mata, shi ya sa suke kiranta Ummi. Ta tsaya tana kallona, ta kama yatsana mai baƙin mai, ta sake, ta koma wurin uwarta. Bayan addu'a na rasa yadda zan yi tambayar, sai na yi ta kai tsaye.

Mariyama ta ce, "Kullum shina cewa za mu tahi. Tun ina amarya nike ji. Ni na ɗauke ta irin maganar maza. Da aka hwara zancen zaɓenku, ya kan ɗora rediyo a kunne, in na yi magana shi ɗaga mani hannu. Amma bai taɓa ce mani in ɗaure kaya ba."

A tsakar gidan na ga tubala a jere, an fara ɗora sabon ɗaki har ya kai gwiwa. Ga kuma 'yar bishiyar darbejiya an kewaye ta da ƙaya saboda awaki. Malam Isufu ya ga inda nake kallo. Da muka fito ya ce, "Kar in yi maka ƙarya don ka ji daɗi. Mai shirin tashi ba ya dasa itace. Ni a ganina ba inda za shi." Na ce na gode. Ban ji haushinsa ba. Na dai fara tunanin yadda zan shiga ɗakin Inna da wannan amsar.

Da yamma na ce zan koma maƙabarta ni kaɗai, don da safe mun je da jama'a ban samu na tsaya yadda nake so ba. Malam Isufu ya ara mini kekensa, irin na Faransa, siriri mara nauyi, mai birkin waya. Namu na Ingila birkin sanda gare su, ƙarfe ke jan robar ta kama rim daga ƙasa, wato ƙarfen da taya ke zaune a kai. Nasu kuwa waya ke jan hannuwa biyu su matse rim ɗin daga gefe da gefe. Birkin waya ba baƙo ba ne a wurina, ina gyara irinsa jefi-jefi.

Na je na yi addu'ata. A kan hanyar dawowa akwai 'yar gangara kafin kasuwa. Ina cikin gangarowa, hankalina yana wani wuri, sai tunkiya ta gitta. Na damƙe hannun hagu, kamar yadda duk wanda ya koyi keke a Katsina zai yi, don a wurinmu hagu shi ne birkin baya. Ƙafar gaba ta ƙame. Keken ya ɗaga gindi ya wurgo ni ta kan kansa, na sauka a gaban wata tsohuwa mai fura, gwiwar hannuna cikin ƙwaryar nono.

Tsohuwar ta dube ni, ta dubi ƙwaryarta. Ta ce, "Daga Najeriya?"

Na ce, "Daga Katsina, Iya. Ki yi mini gafara."

Ta ce, "Ai ba sai ka hwaɗa ba. Ku duka nan kuke zubewa. Tashi in ga ko ka karye."

Ban karye ba, fatar tafin hannu ce ta ɗan saɓule. Na nemi in biya ta ɓarnar, da ta ji ko ni wane ne sai ta ƙi, ta ma dama mini fura ta ce in sha. Malam Isufu da ya ga rigata sai da ya zauna don dariya, ranar ce na fara jin dariyarsa ta gaskiya. Ya ce laifinsa ne da bai gaya mini ba: a ƙasarsu birkin gaba yana hagu, na baya yana dama. Ya ce Yaya ma a makonsa na farko haka ya kifa, a gangarar nan, shi cikin tiren tumatir. Wai har Yaya ya yi rantsuwa zai juya birkin kowane keke a Maraɗi. Daga baya hannunsa ya saba, ya bar maganar.

Kashegari muka buɗe ɓangaren Yaya na rumfar don a tattara kayansa. Kekensa na hawa yana rataye da igiya a jikin azara, shi ma na Faransa, kore, fentin ya koɗe. Malam Isufu ya ce Yaya yana cikin yi masa gyaran gaba ɗaya ciwon ya kama shi, kuma tun ranar ba wanda ya taɓa.

Na san aikin wana kamar yadda na san muryarsa. Baba ya koya mana ba a taɓa birki sai an fara miƙe rim, don roba ba ta kama ƙafar da ke rawa. Na juya ƙafar gaba, tana tafiya sumul, ba ta karkata ko kaɗan. Na juya ta baya, haka. A kan wani tsumma a ƙasa ga kayan birkin baya, an wanke su da kananzir, an jera su daga dama zuwa hagu yadda aka kwance su, kamar rubutun allo: noti, washa, hannun da ke matse rim, sifirin da ke mayar da shi, ɗaya hannun. Ƙura ta ɗan hau su. Kusa da su ga gwangwanin madara, a ciki sabuwar waya a naɗe, ba a ko yanka ta ba.

Birkin gaba kuwa ya gama shi. Ya sa sababbin robobi, ya goge fuskarsu da takarda mai yashi. Tsakanin kowace roba da rim akwai kaurin tsinken ashana, daidai a ɓangarorin biyu. Ya ɗan karkata su yadda bakin gaba zai riga taɓawa, don kada birki ya yi kuka. Haka Baba yake yi. Na kai hannu na matsa hagu, tun da jiya na koyi darasi. Hannun birkin ya tafi fayau, ba komai a jikinsa. Na matsa dama. Robobin gaba suka kama rim, ƙafar ta tsaya.

Na saki hannun birkin. Sannan na duƙa na duba wuyan keken. A gefe guda akwai wurin da tsohuwar waya ta shekara tana gogar fenti har ƙarfe ya fito, kuma wurin ya nuna daga hagu take saukowa. Sabuwar ta bi ta ɗaya gefen, inda fenti yake lafiya.

Na kira Malam Isufu na nuna masa. Ya matsa da kansa, ya sake matsawa. Ya ce, "Ikon Allah. Ina zaune nan shina wanga aiki, ban lura ba. To mi ya sa? Hannunshi ai ya riga ya zama namu."

Na ce ba don hannunsa ya yi ba. A gidanmu keke ba na mutum ɗaya ba ne. Yana jingine a zaure, duk wanda aka aika shi zai hau, ni, ko maƙwabci, ko ɗan maƙwabci da za a tura kiran ungozoma. Ba mai tambaya. Shi ya sa Baba ba ya barin keke ya kwana a zaurenmu sai ya gwada birkinsa. Keke mai birkin gaba a hagu, in ya shiga Ƙofar Guga, kafin la'asar ya kayar da wani. Yaya ya san haka, don shi ma ya sha ƙasa.

Malam Isufu ya sake duban keken. Can ya ce, "Ko kuwa aiko maka da shi za shi yi, ta hannun Alhaji Mamman."

Na ce, "Mai yiwuwa ne."

Ya ce, "Amma wa ke aika keken hawanshi, shi zauna da ƙahwa?" Bai jira amsa ba, ya fita waje ya daɗe yana wanke fuska.

Malamin unguwarsu da ya zo maganar gado ya ce ba laifi a sa keken cikin rabon Inna, Mariyama kuma ta ce ko ba rabo ta ba ta. Ta ce in ta fita takaba za ta so a kawo Ummi ta ga mai sunanta. Na kwashe kayan birkin baya na zuba a gwangwanin tare da wayar, na rufe da tsumman.

A dawowa aka ɗaure keken a saman kaya, gwangwanin kuwa yana kan cinyata. A Ɗan Isa wani ma'aikacin kwastan ya ce in buɗe. Ina jan tsumman sifirin ya maƙale, ya yi tsalle ya faɗa cikin rairayi. Ƙaramin abu ne, irinsa ba wuyar samu, amma sai na ga kaina a durƙushe ina tone ƙasa da yatsu. Fasinjoji suka sauko suna taya ni, ba wanda ya san abin da ake nema. Jandarman nan na ranar farko shi ya gano shi a gindin tayar mota. Ya hure shi, ya goge a wandonsa, ya sa mini a tafin hannu.

Na iso gida bayan la'asar. Na turo keken har tsakar gida, wurin da Inna ke zaune. Ta tambayi hanya, ta tambayi matar, ta tambayi yarinyar da wanda ta yi kama da shi. Ba ta yi ɗaya tambayar ba. Ni na fara. Na gaya mata maganar Mariyama, na gaya mata tubalan da bishiyar, ban ɓoye ba. Sannan na kama hannunta na dama na ɗora a kan hannun birkin, na ɗaga gaban keken na juya ƙafar, na ce ta matsa. Ta matsa, ƙafar ta tsaya ba ƙara. Na bayyana mata yadda na can suke, da yadda Yaya ya juya wannan.

Ta ce, "Irin na zauren nan ke nan."

Na ce, "Irinsa ne, Inna."

Ta sake matsawa, ta saki. Ta lalubo ɗaya hannun ta matsa, ta ji ba komai. Ta ce, "Wannan fa?"

Na ce, "Bai kai gare shi ba."

Ta ɗauke hannunta ta gyara mayafi. Ta ce, "Kai masa shi ɗakinsa."

Yana can har yanzu, jingine da bango kusa da tabarmar. Inna tana share ɗakin kamar da, ta kewaye ƙafafun keken da tsintsiya. Aikin da ya rage ba wani aiki ba ne, tsakanin azahar da la'asar zan gama shi, kuma na yi wa kekunan mutane irinsa ba adadi tun da na dawo. Na taɓa ɗauko gwangwanin, na shimfiɗa tsumman, na jera kayan daga dama zuwa hagu. Da na ɗauki filaya zan yanke wayar, sai na ga Yaya ne ya kamata ya auna tsawonta, ba ni ba. Na mayar da komai.

Birkin baya yana cikin gwangwani. Ban ɗaura shi ba.